Daga ƙugu zuwa bango: yadda duwatsun ado suka zama hanyar faɗin asali da abin da ke zuci

A shekarar 2024, a babban bajekolin zane-zane na duniya da ake yi duk bayan shekara biyu a birnin Venice na Italiya, Amurka ta damƙa rumfarta a hannun Jeffrey Gibson. Shi ne mutum na farko daga ƙabilun asali na ƙasar da ya wakilce ta shi kaɗai a wannan taro, kuma da yawa daga abin da ya baje an yi shi ne da ƙananan duwatsun ado masu launi. Masu sharhi suka yi ta rubuta cewa aikin yana magana a kan asali, da tarihin da aka danne, da fushi, da murna.

Ga mutumin Kano da ya ci karo da irin waɗannan hotuna a wayarsa, abin da ɗaure kai. Ai duwatsun nan ne ake ƙullawa a leda ana sayarwa a Kurmi da kasuwar Sabon Gari. Da su 'yan mata ke koyon haɗa jaka da sarƙa a cibiyoyin koyon sana'a, da su ake bin wuyan rigar amarya. Ta ina kayan kwalliya suka koma hanyar faɗin baƙin ciki? Idan kuma wata a nan gida ta jera duwatsu a kan kyalle, ta raɗa wa aikin suna, ta sa masa kuɗin da ya ninka na jaka, shin aro ta yi daga Turawa, ko kuwa tsohon abu ne ta fito da shi daga ɗaka?

Abubuwa biyu da ake haɗawa wuri ɗaya

Ruɗanin yana farawa ne daga kiran abu biyu da suna ɗaya. Na farko shi ne sana'ar ado: sarƙa, 'yan kunne, awarwaro, jigida, jaka, takalmi. Ana yin su don a sa a jiki, ana maimaita samfuri ɗaya sau nawa aka ga dama, kuma mai saye bai damu da sanin hannun da ya yi ba. Kuɗinsu na bin kuɗin kayan haɗi da ɗan ladan aiki.

Na biyu shi ne abin da ake kira aikin fasaha na zamani. A nan ana yin abu guda ɗaya tak, ba don a sa ba sai don a tsaya a kalla. Yana da suna, yana da shekarar da aka yi shi, kuma sunan mai shi yana tafe da shi duk inda ya je. Wanda ya saya ba nauyin duwatsun ya biya ba. Abin da mai aikin yake son faɗa ya biya, da kuma yadda ya iya faɗarsa. Dutsen ɗaya ne, allurar ɗaya ce, sau da yawa ma ƙwarewar ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne niyya, da wurin da za a ajiye abin, da wanda za a ambata.

Idan masu wannan fage suka ce "asali", ba ƙabila kaɗai suke nufi ba. Suna nufin duk abin da mutum zai amsa da shi in aka tambaye shi wane ne shi: gari, addini, gidan da ya fito, kasancewarsa mace ko namiji, har da abin da aka yi wa kakanninsa.

Dutsen baƙo ne, amma ya daɗe a gari

Wanda ya ce duwatsun gilashi ba a Kano ake yin su ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa, kuma a cikinsu akwai duwatsun ado daga Venice. Raƙuma ne suka tsallako da su Sahara. Kasuwar Kurmi kuwa, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta riga zuwansa da kusan shekara ɗari huɗu tana haɗa kayan arewa da na kudu. Wato Venice, garin da ya baje aikin Gibson a 2024, shi ne garin da ya daɗe yana turo wa kakanninmu mata abin wuya.

Kuma ba Turai ce ta koya wa wannan yanki son dutse ba. A Igbo-Ukwu da ke jihar Anambra an tono duwatsun ado fiye da 150,000 waɗanda suka kai shekara dubu a binne. A Ile-Ife bincike ya tabbatar da cewa mutanen garin suna narka nasu gilashin suna yin duwatsu tun daga ƙarni na 11. A kaburburan Durɓi Takusheyi da ke ƙasar Katsina an samu duwatsun ado tare da sauran kayan alfarma da aka binne manyan mutane da su. A Bida har yau akwai Masaga, dangin Nufawa masu aikin gilashi, suna narka kwalabe su yi ƙarau da duwatsu. Jan dutsen nan da ake kira lantana, wanda aka san Ilori da huda shi da goge shi, fatake Hausawa ne ke kai ɗanyensa daga yankin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar.

Rawar da Bakano ya taka a wannan tarihi ta fatauci ce da ta zaɓe. Shi ya san wane launi Fulani ke so, wane ne zai karɓu a Gwanja, wane ne za a sa a lefen 'yar attajiri. Wannan ya dace da yadda birnin kansa ya ginu. Sunayen unguwanni irin su Tudun Nufawa da Ayagi da Agadasawa da Zangon Barebari shaida ne cewa baƙi ne suka zo, suka zauna, suka zama 'yan gari. Saboda haka hujjar cewa dutse ba zai iya wakiltar Kano ba don daga waje aka kawo shi ba ta da ƙarfi sosai. Da ita za a bi, da shadda da leshi ma sun fita daga kayan Bahaushe.

Abin da duwatsu suka saba faɗa a cikin gida

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne amsar take.

A ɗauki jigida. Tun yarinya tana goye ake ɗaura mata, uwa tana lura da ita: in ta matse, an san yarinya tana ƙiba, in ta yi sako-sako, a fara tambayar ko lafiya. A da ana fafe ta daga ɓawon kwakwa, baƙa siɗik, kafin ta roba da ta gilashi su cika kasuwa. Idan yarinya ta zama budurwa, jigidar sai ta ɓuya ƙarƙashin zane, ta zama sirri. In ta yi aure, ta zama magana tsakaninta da mijinta, wadda ba mai ji sai su biyu. Abu ɗaya ne, amma abin da yake faɗa yana canzawa da shekarun mai shi.

A ɗauki murjani. Alƙur'ani ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman, kuma Bahaushe ya ɗauke shi da darajar da har ya raɗa wa 'yarsa Murjanatu. Kafin gwal ya mamaye akwatin lefe, zaren murjani da tsakiya dukiya ne na mace, abin da take ɓoyewa a ƙasan kwalla don ranar tsiya, kuma abin da take fatan ya faɗa hannun 'yarta. Wadda ta gaji irin wannan zare ta san ba launinsa take kallo ba in ta buɗe ƙullin.

A ɗauki carbi. Dattijon da ya shekara talatin yana jan guda ɗaya, ƙwayoyin sun yi sulɓi, sun yi duhu da maiƙon yatsa, zaren ya tsinke an sake shi ba adadi. Ranar da ya rasu, 'ya'ya sukan bar wa juna babbar riga amma su yi ta kai-kawo a kan wanda zai riƙe carbin. Har ila yau tsarin carbi da yadda ake riƙe shi yakan nuna wa mai lura ɗariƙar da mutum yake bi, ba tare da ya buɗe baki ba.

Sai kuma wurin da dutse yake magana ta hanyar rashinsa. Matar da mijinta ya rasu tana shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ta ajiye kwalli da lalle da turare, ta cire sarƙa da awarwaro. Duk wanda ya ga wuyanta wayam ya san halin da take ciki. Ranar fita takaba kuwa, komawar ado jikinta sanarwa ce ga dangi da maƙwabta.

Al'adar da ta hana uwa kiran sunan ɗan farinta, ta hana mace ambatar sunan mijinta, ba ta kashe abin da ke zuci ba. Hanya ta canza masa. Ya bi ta waƙar daka, ya bi ta habaici, ya bi ta sunayen da mata ke raɗa wa atamfa, ya bi ta abin da aka sa da abin da aka cire. Don haka batun cewa dutse yana ɗaukar asali da shauƙi da alhini ba baƙo ba ne a Kano. Baƙon abu shi ne a ciro wannan magana daga jiki da ɗaka, a rataye ta a bango, a rubuta sunan mai ita a ƙasa, a ce kowa ya zo ya gani.

Waɗanda suka fara kai shi bango

A Najeriya sunan da ake fara ambata shi ne Jimoh Buraimoh, haifaffen Osogbo a 1943. Ya fito daga horon zane da aka yi a garin a 1964, kuma ya ɗauko tunaninsa daga kambin sarakunan Yarbawa da ake lulluɓewa da duwatsu. Maimakon ya yi kambi, sai ya riƙa manna zaren duwatsu a kan allo yana fitar da zane. Akwai kuma David Dale, wanda aka haifa a nan Kano a 1947, ya karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rasu a 2019. Aikin duwatsu na cikin fannonin da aka fi saninsa da su.

A Afirka ta Kudu, a 1999, Ntombephi Ntobela da Bev Gibson suka kafa ƙungiyar mata mai suna Ubuhle a yankin KwaZulu-Natal. Matan suna miƙe baƙin kyalle, su ɗinke shi da duwatsun gilashi na ƙasar Cek har sai babu inda ake ganin kyallen. Allo ɗaya kan ci watanni. Cutar ƙanjamau da wasu cututtuka sun ɗauke wasu daga cikinsu, sai waɗanda suka rage suka riƙa yin alluna don tunawa da su, suna zaɓen launi da siffa da suka san mamaciyar da su. A 2013 aka baje aikinsu a wani gidan tarihi na Smithsonian a Washington, kowane allo da sunan wadda ta ɗinka.

A Kanada abin ya fi kusa da siyasa. Nadia Myre ta ɗauki shafuka 56 na dokar 1876 da gwamnati ta mulki ƙabilun asali da ita, ta rufe su da duwatsu: fari a gurbin kowane harafi, ja a gurbin farar takarda. Mutum fiye da 200 ne suka taya ta. Christi Belcourt kuma a 2012 ta yi kira a turo mata saman takalman gargajiya da aka yi wa aikin duwatsu amma ba a ƙarasa ɗinke su ba, kowane a madadin mace ɗaya daga ƙabilun asali da ta ɓata ko aka kashe. Ta nemi 600, aka turo fiye da 1,600. Takalmin da ba a gama ba yana nufin rayuwar da aka yanke.

A Amurka, Liza Lou ta shafe 1991 zuwa 1996 tana lulluɓe ɗakin girki sukutum da duwatsu, har da tukwane da tsintsiya, don ta nuna yawan aikin mace a gida wanda ba mai ƙirga shi.

Abin lura a duk waɗannan shi ne babu wanda ya ƙirƙiro ma'anar daga iska. Kowanne ya koma ga abin da dutse yake nufi a wurin mutanensa, sannan ya faɗi wani abu da shi a bainar jama'a.

Me ya sa dutse, ba fenti ba

Amsar tana cikin lokaci. Mai fenti na iya rufe faɗin tafin hannu da shafa ɗaya. Mai duwatsu kuwa sai ta zube su a faranti, ta lashi bakin zare ta zura a siririyar allura, ta riƙa tsinto su da tsinin allurar ɗaya-ɗaya ko uku-uku, ta soka a kyalle, ta ja, ta koma ta bi ta cikinsu don su kwanta. In ta ga shuɗi ya shiga inda kore ya kamata bayan ta yi layi goma, ba gogewa, sai warwara.

Ga ɗan lissafi. Idan ƙwaya ɗaya milimita 2 ce, murabba'in santimita ɗaya zai ci 25. Allo mai santimita 50 tsawo da 50 faɗi zai ci 62,500. In aka ce kowace ƙwaya tana cin daƙiƙa biyar, an tashi awa 87 ke nan ba hutu, ba kuskure. Matar aure da ke samun awa uku a rana bayan girki da hidimar yara za ta yi kusan wata guda a kai.

Wannan tsawon lokaci shi ne ke sa aikin ya dace da juyayi. Mai jimami ba ya warkewa a zama ɗaya, kuma hannu da ke maimaita abu guda yana ba zuciya wurin zama. Duk wanda ya taɓa jan carbi a daren tashin hankali ya san haka. Shi ma mai kallo, ko bai san labarin ba, yana iya ganin cewa wani ya ba da kwanakinsa a nan. Ga kuma launi, wanda Bahaushe ya riga ya ɗaure shi da halin zuciya a farin ciki da baƙin ciki da jan hali. Mai aiki a Kano ba ta buƙatar aron ma'anar launi daga Zulu ko Yarbawa.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon baya suna ganin dama ce ga mace musamman. Aikin ba ya buƙatar shago ko wutar lantarki, ana iya yinsa a cikin gida, kuma yana ba ta hanyar faɗin abin da baki ba zai iya ba: rasuwar jariri, zafin saki, kewar gida ga wadda aure ya kai nesa. Suna kuma cewa Kano ta shahara da rini da dukanci da ɗinkin hannu, har hawan sallarta ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024, amma kusan duk waɗannan sana'o'in maza ne a idon duniya, alhali aikin hannun mata yana ƙarewa a ɗaka ba suna.

Masu ja da baya suna da hujja iri biyu, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Ta farko ta kunya ce. A wurinsu ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya ba jigida daraja shi ne ɓoyuwarta, abin da ya ba haƙuri lada shi ne rashin tallata shi. In mace ta rataye ɓacin ranta a bango ta sa masa farashi, suna ganin ta tona asirin gida ko da ba ta ambaci kowa ba. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba a amsa ta da cewa zamani ya canza. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce aikin duwatsu ta hanyar ishara yake magana, kamar yadda habaici yake yi. Wanda ya sani ya gane, wanda bai sani ba ya ga launi. Sai dai gidajen baje zane da masu saye na waje sukan nemi a rubuta labarin dalla-dalla a gefen allo, domin labari ne ke sayar da aiki. A nan ne mai aiki za ta yanke wa kanta iya abin da za ta faɗa.

Ta biyu ta addini ce. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan surar abu mai rai. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a nan, an bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai inuwa, kamar gunki, wadda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wasu malaman kuma suna tsanantawa a duka biyun. Amma babu saɓani a kan zanen da ba na mai rai ba, kuma nan ne taskar Kano take: dagi, aska takwas, zanen bangon gidajen birni irin na Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, zayyanar allo. Mai son guje wa saɓani tana da fili mai faɗi. Inda ake buƙatar taka-tsantsan shi ne rubuta ayoyi da duwatsu a kan abin da za a iya ajiyewa a ƙasa ko a kai inda bai dace ba. Ita kuwa jigida, ayar Suratun Nur da ta hana bayyana adon da ke ɓoye tana magana ne a kan adon da ke jikin mace. Jigidar da aka kwance aka shirya a kan allo wata mas'ala ce daban, kuma ya fi kyau a kai ta gaban malami da a yanke ta a Facebook.

Akwai saɓani na uku, wanda ke tsakanin masu aikin su kansu, kuma shi ya fi shafar abinci. Babban allo ba ya yiwuwa da hannu biyu. Liza Lou da kanta ta buɗe wurin aiki a Durban a 2005 inda mata Zulu ke aiki tare da ita. To sunan wa za a rubuta? Masu cewa na mai tunani ne suna kafa hujja da cewa ba a rubuta sunan leburori a jikin gini. Masu cewa na masu ɗinki ne suna nuni da cewa a aikin duwatsu hannu ne ke yanke shawara dubu a kowane layi. Tsarin Ubuhle, inda kowace mace ke sa sunanta, ya nuna ana iya kauce wa abin nan na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A gari irin Kano, inda aka saba ba mata aikatau na ɗinkin hula a cikin gida a kan kuɗi kaɗan, wannan tambaya za ta taso da wuri.

Abin da zai taɓa aljihun talaka

Abu na farko shi ne tsadar kaya. Duwatsun da ke kasuwa yau daga waje suke zuwa: masu araha daga Sin da Indiya, masu kyau daga Cek, sai na Japan irin na kamfanonin Miyuki da Toho waɗanda girmansu ke zuwa daidai wa daida. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500. Mai jaka tana iya komawa dutsen roba ta ci gaba da ciniki. Mai allo ba ta da wannan sauƙi, domin dutsen da aka shafa wa launi a sama yakan koɗe ko ya ɓare, kuma wanda ya biya kuɗi mai yawa yana son abin da zai kai wa jikokinsa.

Na biyu shi ne farashin aiki. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, Kano kuma ta sa nata a 71,000. In allon da aka lissafa a sama ya ci kusan wata, duk farashin da bai rufe kuɗin kaya da ladan waɗannan awanni ba asara ce da aka yi wa ado. Matsalar ita ce kasuwar irin wannan aiki a Najeriya ta fi ƙarfi a Legas, inda ake yin bajekolin ART X tun 2016, sai Abuja. Mai saye a Kano ya fi sabawa da sa kuɗinsa a gwal, wanda zai iya sayarwa gobe. Saboda haka ba hikima ba ce a ce wa duk mai haɗa jaka ta bar jaka ta koma allo. Ga mafi yawa, jakar ce za ta ci gaba da ciyarwa.

Na uku shi ne satar fasaha. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare aikin fasaha da zarar an yi shi, ba sai an yi rajista ba, kuma kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Amma ba wanda zai ce dagi nasa ne; abin da doka ke karewa shi ne sabon tsarin da mutum ya fitar da kansa. Wadda take ɗora aikinta a Instagram za ta taimaki kanta in tana ajiye zanen farko da hotunan matakan aiki masu kwanan wata, domin ranar jayayya su ne shaida.

Na huɗu ya shafi gidajen da ba su da ruwa da zane ko kaɗan. Tun wajen shekarun 1970 dillalai, da yawansu Hausawa, suke bi ƙauye da birni suna sayen tsofaffin duwatsu suna kai wa masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka. Duk lokacin da sha'awar aikin duwatsu ta ƙaru a waje, neman tsofaffin ma yana ƙaruwa. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta ɗauki kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, kuma ta hana fitar da su ba da izini ba. Tsohon lantana ko tsohon aikin Bida na iya faɗawa ƙarƙashin wannan. A wajen rabon gado kuwa, an saba a kai gwal wurin maƙeri a auna, amma a yi wa ƙullin duwatsun tsohuwa kuɗi a tsaye, ko a miƙa wa yara su yi wasa. Murjani na gaske da tsofaffin duwatsun Venice dukiya ce da magada ke da haƙƙi a kanta kamar gwal ɗin, kuma kafin a sa musu farashi ya kamata a nuna wa masani fiye da ɗaya, wanda ba shi ne mai son saye ba.